Kada Tausayi Ya Zaunar Da Iyayenmu

A aikinmu na fisiyo, kukan da muka fi ji daga bakin dattawan Gyaɗi-Gyaɗi, Darmanawa da Unguwa Uku a nan Kano bai wuce uku ba: gwiwa ta riƙe, baya ya ƙage, ƙafa ba ta ɗaukar jiki. Idan ka bi diddigi, sau da yawa tausayin 'ya'ya ne ya jawo. "Baba, zauna ka huta." "Hajiya, bari a ɗauko miki." Kafin shekara ta zagayo, wadda ke tashi daga tabarma da kanta sai ta dafa bango, sallah ma ta koma kan kujera. Naman cinya ya saki, tsoron faɗuwa ya shiga zuciya, tsoron kuma ya ƙara zaunar da ita.

Faɗuwa ba abin wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutane kusan 684,000 duk shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ta fi yi wa illa. Shi ya sa a ƙa'idojinta na 2020 ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama da su riƙa atisayen ƙarfafa jiki da daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku a mako.

To, ina dattijo zai yi? Tattaki a gefen titin Zariya ko Court Road, cikin hayaƙi da rububin 'yan adaidaita sahu, ba kowa zai iya ba. Shi ya sa nake koya wa marasa lafiyata wani motsa jiki na mutanen Sin, Qigong. Wani nau'insa mai sauƙi shi ne Baduanjin, motsi takwas da aka sani tun zamanin daular Song, tsakanin 960 da 1279. A 2020 har majinyatan korona an ga suna yin sa a asibitocin wucin gadi na birnin Wuhan. Ba ya buƙatar na'ura ko kuɗi, wuri kamar faɗin darduma a tsakar gida ya isa, cikin minti 15 an gama.

Gwada biyu daga ciki. Tsaya ka ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ka ɗan sassauta gwiwa. Sarƙe yatsun hannuwanka a gaban cibiya, ka ɗaga su sannu a hankali har saman kai kana jan numfashi ta hanci, sannan ka sauke su ta gefe kana fitar da shi. Na biyu, dafa bayan kujera, ka ɗaga dugaduganka ka tsaya kan yatsu, ka sauko a natse, sau bakwai. Sirrin yana cikin rashin gaggawa: jiki na koyon riƙe kansa, numfashi na daidaita, hankali na kwanciya.

Wasu kan tambaye ni ko akwai wata aƙida a ciki. Motsin da numfashin kawai muke ɗauka, babu wani abin karantawa ko ƙudurcewa.

Sai dai a kiyaye: wannan ba ya maye gurbin maganin hawan jini ko na suga. Mai jiri, ciwon ƙirji, ko wanda bai daɗe da shanyewar ɓarin jiki ba, ya fara ganin likita. Akwai sashen fisiyo a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, nan kusa da mu.

'Yan uwa, gobe da hantsi ku tsaya tare da iyayenku ku yi, domin dattijo ya fi dagewa idan yana da abokin yi. Allah Ya ƙara musu lafiya da nisan kwana.