Lean Six Sigma: Dabarar Toyota Da Motorola Da Za Ta Amfani Mai Gyaran Waya

Shin ka taɓa kai wayarka gyara aka ce ka dawo bayan awa ɗaya, ka kwana uku kana zarya, da ka karɓa kuma sai ka tarar sikirin ya gyaru amma sifika ta daina aiki? Matsala biyu ce ta haɗu a nan: ɓata lokaci da kuskure a aiki. Kowacce akwai kamfanin da ya samo mata magani, idan aka haɗa magungunan biyu kuma sai a kira su Lean Six Sigma.

Mene ne Lean?

Asalinsa daga kamfanin motoci na Toyota ne a Japan, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Injiniya Taiichi Ohno ya lissafa asara iri 7 da ke cinye riba: yin kaya fiye da buƙata, zaman jira, jigilar kaya babu dalili, aikin da ya wuce kima, jibge kaya a sito, yawan kai-kawon ma'aikaci, da kaya masu aibi. Ƙa'idar ita ce, duk aikin da bai ƙara wa kwastoma komai ba, a rage shi ko a cire shi.

Six Sigma fa?

Injiniya Bill Smith ne ya ɓullo da shi a 1986 a Motorola ta Amurka, kamfanin da aka fara kira da wayar hannunsa a 1973. Burinsa kada kuskure ya wuce 3.4 cikin miliyan ɗaya. Ya ƙara shahara bayan Jack Welch ya ɗora General Electric a kansa a 1995. A nan ba a aiki da "ina ganin", sai da lissafi.

Me ya sa ake haɗa su? Idan ka yi sauri ba inganci, wayoyi za su yi ta dawo maka. Idan kuma aikinka na da kyau amma kana jan ƙafa, kwastoma zai koma shagon maƙwabcinka.

Matakai 5 na aiki da shi

Mu ɗauka kana da teburin gyara a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano.

1. Fayyace matsalar. Kada ka ce "kasuwa ba ta tafiya". Ka ce "ana dawo min da wayoyi bayan na canja sikirin".

2. Auna. Ka rubuta kowace waya a littafi ko a Google Sheets: ranar karɓa, ranar bayarwa, da ko ta dawo. A ce cikin 50 an dawo da 8, kashi 16 cikin ɗari ke nan.

3. Binciko dalili. Toyota na da dabarar tambayar "me ya sa?" har sau 5. Me ya sa ta dawo? Sikirin ya ɗago. Me ya sa? Gam bai kama ba. Me ya sa? An miƙa ta kafin ya bushe. Me ya sa? Mai ita ya gaji da jira. Me ya sa? Ka ɓata minti 40 wajen nemo sikirin a kasuwa. Ka ga ashe jira ne ya haifi kuskuren.

4. Gyara. Ka ajiye sikirin wayoyin da aka fi kawo maka kawai, ko Tecno ne ko Infinix ko itel, kada ka jibge kuɗinka a kayan da ba sa tafiya. Kowane kayan aiki ya samu wurinsa.

5. Tsare gyaran. Ka liƙa jerin abubuwan dubawa a gabanka: caji, sifika, kyamara, tabawar sikirin, sabis. Kada waya ta bar teburinka sai ka gwada su a gaban mai ita, sannan ka ci gaba da rubutu duk wata.

Duk wayar da ta dawo, daga aljihunka za a biya sabon sikirin, wataƙila kuma ka rasa kwastoma da duk wanda zai ba labari. Mai POS da mai sayar da data ma za su iya bin matakan nan. Ka fara da na biyu tun yau, littafi da biro sun isa.

Sai mun haɗu a darasi na gaba.