Yadda Ake Gyaran Kifin Salmon Na Kanti Kafin A Dafa

Akwai wani kifi da ake kira salmon wanda ake samu a manyan kantunan birane, kamar na Ikko da Abuja. Ba kifin ruwayen ƙasar nan ba ne. Kifin ƙasashen sanyi ne, ana ƙyanƙyasarsa a kogi, ya tafi teku ya girma, sa'an nan ya komo kogi ya yi ƙwai. Amma yawancin wanda ake sayarwa a kanti na kiwo ne. A Norwe aka soma kiwonsa cikin manyan kejin raga a bakin teku, wajen shekarar 1970, kuma har yanzu ita ce kan gaba, ƙasar Cile ta Amurka ta Kudu na bi mata. Jan da ake gani a tsokarsa daga abinci yake samunsa: na teku daga ƙananan jatan lande, na kiwo kuwa a abincinsa ake sa masa.

Ba a cika kawo shi ɗungum kamar tarwaɗa ba. A kan fere tsokar gefe ɗaya daga ƙashin baya, a yanka sala sala, a ƙunshe a leda, a daskarar. Tsada gare shi ƙwarai, ga shi kuwa da maiƙo, ba ya jure zafi. Saboda haka ɓacinsa da gyaruwarsa duk tsakanin kanti da tukunya ne.

Abu na fari, a duba shi tun a kanti. Ya kamata a ji shi da tauri kamar dutse. In an ga garin ƙanƙara ya taru cikin leda, ko ruwa ya kwanta a gindi ya daskare, ko gefen tsokar ya bushe ya yi fari, to, alama ce ya taɓa narkewa aka sake daskarar da shi. Inda wutar lantarki ba ta zama, wannan ba baƙon abu ba ne. A bar shi ko da an rage kuɗi, araha ba ta ado. Kifi shi ne ƙarshen abin da za a saya, a sa shi a kula da ƙanƙara, a zarce gida.

Na biyu shi ne narkarwa, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin Selsiyas. Ƙanƙara ba ta kashe su, kwantar da su kawai take yi. In an ajiye kifi a rana ko cikin ruwan zafi, bayansa zai yi ɗumi ya soma lalacewa tun cikinsa bai saki ba. Hanya mai kyau ita ce a sa shi a faranti, a rufe, a ajiye a can ƙasan firji ya kwana. Wanda ba shi da firji, ko yana sauri, sai ya ɗaure shi a leda marar huji, ya nutsa cikin ruwan sanyi, yana sake ruwan kowane minti 30. Rabin kilo ya kan narke cikin kamar awa ɗaya. Wanda aka narkar ta haka, lalle a dafa shi nan take.

Akwai wata leda da ake zuƙe iskarta ta manne a jikin kifi. Tilas a huda ta ko a fitar da kifin kafin a sa shi ya kwana yana narkewa. Dalili kuwa, akwai wata ƙwayar cuta da ba ta yaɗuwa sai inda babu iska, tana iya yin dafi ko a sanyin da ya ɗara digiri 3 kaɗan, kuma dafin nan ba a jin warinsa.

Na uku, a shinshina. Mai kyau ba shi da ƙarni mai ƙarfi, in an danna da yatsa tsokar ta kan taso ta koma yadda take. In yana tsami, ko yauƙi, ko ya yi ruɓu-ruɓu, a zubar. Lemon tsami ya kan rage ƙarni, amma ba ya gyara ruɓaɓɓen kifi.

Na huɗu, ƙaya da ɓawo. Ko da an cire ƙashin baya, akwai jerin ƙananan ƙayoyi da ke saura a tsakiyar tsokar, wajen ɓangaren kai. A shafa da yatsa daga kai zuwa wutsiya, za a ji tsininsu. A kama kowace da matsefata mai tsabta, a ja a hankali ta wajen da ta karkata, don kada tsokar ta yage. Wannan ya zama wajibi in yara za su ci. Sa'an nan a juya, a kankare ɓawon da bayan wuƙa daga wutsiya zuwa kai. Fatar kuwa a bar ta, ita ke riƙe tsokar kada ta dagargaje a kasko.

Na biyar, gishiri da tsanewa. A jiƙa shi minti 10 cikin ruwan sanyi mai gishiri, babban cokali ɗaya a kofi ɗaya. Wannan na rage farin abin nan mai kama da kindirmo da ke fitowa in ya ji wuta. Ba cuta ba ne, ruwan tsokar ne ya dahu. A tsame, a goge da tsumma mai tsabta har ya tsane sarai, domin jiƙaƙƙen kifi ba ya soyuwa, sai ya manne ya yi ta tartsatsi. Kada a bar shi ya daɗe cikin lemon tsami, tsami na sa tsokar ta yi fari ta farfashe. Wuƙa da katako da hannu duk a wanke da sabulu kafin a taɓa tumatir ko latas.

Wajen dahuwa, mai kaɗan ya isa, tun da yana da nasa. A fara sa gefen fata a kasko mai zafi. Ƙa'idar ita ce kamar minti 10 ga kowane inci ɗaya na kauri. Ya nuna in cikinsa ya kai digiri 63, watau in tsokar ta bar sheƙi tana rabuwa da an taɓa ta da cokali. In ya wuce haka sai ya bushe, kuɗi ya tafi a banza.

Ɗanyen da ya narke a firji kada ya wuce kwana 2 ba a dafa ba. Dokokin nan na saye da narkarwa kuwa, haka suke ga titus da shawa da sauran kifin ƙanƙara na kasuwa. Mai sayarwa da mai saye duk su kiyaye, rigakafi ya fi magani.