WAƘAFIN LITTATTAFAI: SADAKA MAI GUDANA DA MUKA MANTA DA ITA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, darasinmu na yau a kan littattafan da ke kulle cikin kabad-kabad na gidajenmu ne, da kuma yaran unguwa da ba su da abin karantawa.

Mu da muke Unguwar Rimi, Allah Ya zaunar da mu a tsakiyar ilimi. Ga Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, nan kusa a titin Tafawa Ɓalewa. Ga Arewa House a titin Raɓa, tsohon gidan Sardauna, wanda ya zama cibiyar adana tarihi ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, cike da rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. Ga gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa a titin Yakubu Gowon. To amma waɗannan wurare na manazarta ne. Yarinya 'yar aji uku a ƙaramar sakandare ba za ta hau Keke Napep kullum don ta je can ba. Matar aure da take son duba hukuncin jinin biƙi, ko saurayin da ke shirin JAMB a ɗakin da mutum bakwai suke kwana, abin da suke bukata shi ne ɗakin karatu da za su taka da ƙafa su isa.

Kuma wallahi ba littattafan ne babu ba. Akwai gidajen tsofaffin ma'aikata, alƙalai, likitoci da malamai da idan ka shiga falonsu za ka ga Fathul Bari jere, ga Tafsirin Ƙurɗabi, ga littattafan kimiyya da lissafi, ƙura ta rufe su. Ranar da mai gidan ya rasu sai ɗayan uku ya faru: ko a raba mujalladan tsakanin magada littafi ya tashi daga aiki, ko a zuba su a buhu gara da ruwan damina su cinye, ko a sayar da su kan kilo, ka tsinci shafin hadisi an ƙunshe ƙosai da shi. Inna lillahi.

MENE NE MAGANIN A SHARI'A?

Waƙafi, wanda malamanmu na Malikiyya suka fi kira hubusi: ka tsare asalin abu, ka saki amfaninsa don Allah. Tushensa hadisin Sayyidina Umar (RA) ne da ke cikin Bukhari da Muslim, lokacin da ya samu gona a Khaibara, Annabi (SAW) ya nuna masa ya tsare ta ya sadaukar da amfaninta. Daga nan ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta.

Wani zai ce ai wannan gona ce, littafi fa? Annabi (SAW) ya ba da labarin Khalid bin Walid (RA) ya tsare sulkunansa da kayan yaƙinsa saboda Allah. Da wannan malamai suka kafa hujjar halaccin waƙafin abin da ake iya ɗauka, littafi kuwa yana ciki. Sannan hadisin Muslim ya ƙidaya abu uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai addu'a. Ka ga mai waƙafin littafi ya haɗa biyu a aiki ɗaya.

Magabata sun yi. Khaɗibul Bagdadi, wanda ya rasu a 463 bayan Hijira, ya mayar da littattafansa waƙafi ga Musulmi kafin ajalinsa. A nan yankinmu, Ahmad Baba na Tumbuktu ya ambaci cewa littafi 1,600 ne aka wawashe masa bayan mamayar da sojojin Maroko suka yi a 1591, kuma an san malaman gidansu da ba ɗalibai aron littafi.

INDA AKE TUNTUƁE

Ku kula da nan sosai. A mazhabar Malik, waƙafi ba ya cika sai abin ya fita daga hannun mai shi tun yana da rai da lafiya. Alhaji ya ce "waɗannan littattafan na masallaci ne," amma suna nan a ɗakinsa, makulli na aljihunsa, ba wanda ya taɓa karanta su har ya rasu, to sun koma gado. Idan kuma sai da ciwon ajali ya kama shi ya furta, hukuncin wasiyya ya hau kansa, ba zai wuce sulusin dukiya ba sai da yardar magada. Don haka mai niyya ya miƙa tun yanzu, a rubuta, a sa shaidu.

Mai kula da su kuma amana ya ɗauka. Ba ya halatta ya kwashe masu tsada ya kai gida, ko ya kulle ɗakin ya hana mutane. Mai aro ma ya sani, riƙe littafin waƙafi ba tare da mayarwa ba cin haƙƙin jama'a ne.

YA ZA MU FARA?

Ba sai mun jira gwamnati ko wani attajiri ba. Masallatanmu da islamiyyunmu da yawa suna da ɗakin da ba komai ciki sai tsofaffin darduma da lalatacciyar fanka. A share shi, kafinta ya buga kanta biyu, a sa fitilar sola, a samu rajista da hatimi, a buga wa kowane littafi cewa waƙafi ne, ba na sayarwa ba. A naɗa matashi amintacce, a riƙa ba shi ɗan ihsani duk wata. A ware wa mata lokacinsu, ko da hantsin Asabar da Lahadi ne, domin su ne suka fi rasa inda za su je.

Kada kuma a ce sai na addini zalla. Kusa da Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala da tarjamar Alƙur'ani ta Malam Abubakar Gumi, a ajiye na Turanci, lissafi, kimiyya da tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO. Likitan da zai duba matarka gobe daga nan zai fito, kuma ilimin likitanci farillar kifaya ne. Sai dai a sa malami ya tantace abin da ake kawowa kafin a jera.

Na san za a ce ai komai yana waya. Haka ne, amma data kuɗi ce, kuma yaron da ya buɗe waya don karatu, kafin ya gama shafi ɗaya TikTok ya janye shi. Ɗakin karatu wurin natsuwa ne da abokan kirki.

Ɗan uwa, yau bayan Isha'i ka buɗe kabad ɗinka. Duk littafin da ka shekara ba ka taɓa ba, ka ware shi, ka sami limaminku da kwamitin masallaci ku yi magana.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu, Ya sa mu bar abin da zai bi mu da lada cikin kabari. Wallahu a'alam.