Amsoshin Tambayoyinku: Wane Abincin Gwangwani Ne Ya Fi Jure Ajiya?

Wata mai sauraronmu daga unguwar Yakasai a cikin birnin Kano tana tambaya: wane abincin gwangwani ne zai daɗe a ɗakin ajiya bai lalace ba?

Kifin gwangwani da nama da wake su ne kan gaba, domin sukan yi shekara 2 zuwa 5. Tumatir kuwa, tsaminsa yana cin ƙarfen a hankali, shi ya sa ba a so ya wuce wata 18. Dabarar adana abinci ta wannan hanya tsohuwa ce: Bafaranshe Nicolas Appert ya wallafa ta a 1810, wato a rufe abinci ruf, a dafa shi har ƙwayoyin cuta su mutu.

Sai dai zafin Kano ba ya raga wa gwangwani. A watan Afrilu, zafi kan kai digiri 40, ɗakin da ke da rufin kwano kuma ya fi haka. Mai ajiya ta nemi lungu mai sanyi, nesa da murhu da danshi. Gidan ƙasa na cikin birni ya fi na siminti dacewa da wannan.

Ko a Kasuwar Singa aka saro, ko a Kasuwar Rimi, a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lotsa a bakin murfi, a yar da shi, ko ɗanɗanawa kada a yi, don ƙwayoyin cutar da ke kumbura shi suna iya samar da gubar da ke shanye jiki. Wanda aka buɗe kuma, a juye ragowar a mazubi mai murfi, a sa a firji.