Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

Ɗana, na ga keken da ka sayo a gwanjo, irin na Beljiyam ɗin nan da Turawa ke hawa duwatsu da shi. Allah Ya sanya albarka. Ƙarfensa lafiyayye ne, zai yi maka shekaru. Sai dai na ji ka ce hannun birkin baya yana nutsewa har ya taɓo kan keken kafin ya kama, kuma masu sayar da kayan gyara sun ce kamfanin ya daina yin irinsa. Zauna in faɗa maka abin da na sani.

A zamaninmu, Raleigh da Phoenix muka hau, birkinsu sandar ƙarfe ce, ko a ƙauye aka je ba a rasa mai gyara ta. Naka kuwa da mai yake aiki. Idan ka matse hannun birkin, man da ke cikin siririn tiyo shi ke tura fistin, fistin ya tura takalman birki su cije faifan ƙarfen da ke tsakiyar taya. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Shi ya sa da zarar iska ta shiga tiyon nan, sai hannun ya yi laushi kamar soso. Sau da yawa ciwon ke nan, maganinsa kuma a fitar da iskar a zuba sabon mai.

A nan ne nake so ka buɗe kunne, domin a wurin zuba man ne mutane ke kashe birkinsu da hannunsu. Man iri biyu ne. Shimano da Magura da Tektro suna amfani da nasu mai na musamman wanda ake tacewa daga ɗanyen man fetur. Tsofaffin birkin Avid da Hayes kuwa suna shan man birki irin na mota, DOT 4 ko DOT 5.1. Kowanne da irin robobin da ke tare shi. Ka zuba wannan a gidan wancan, robobin za su lalace, birkin ya mutu murus. Yawanci an rubuta irin man a murfin da ke jikin hannun birkin, ka goge ƙurar ka karanta. In wani ya miƙo maka ragowar man da ya zuba wa motarsa ya ce ai duk birki ne, ka yi masa godiya ka ƙi karɓa. Shi ma DOT 5 kada ya ruɗe ka don sunansa ya yi kama da 5.1, ba jinsinsu ɗaya ba. Kuma man DOT yana shan danshi daga iska, wanda aka buɗe ya daɗe a ajiye ba shi da amfani, ga shi yana cin fenti.

Bayan mai, sai ka duba takalman. Idan abin da ya rage a jikinsu bai kai rabin milimita ba, sun gama aiki. Wani abin farin ciki, ko da kamfani ya daina yin birki irin su Avid Juicy, wasu masana'antu suna ci gaba da yin takalmansa. Ka cire tsohon ka tafi da shi kasuwa a gwada, siffarsu ta sha bamban. Faifan Shimano kuma kaurinsa milimita 1.8 ne yana sabo, in ya suɗe ya kai 1.5 a canza shi. Kada mai ko giris ya taɓa faifan ko takalman. Ƙurar hunturu ma takan sa fistin ya maƙale, wannan tsabta kawai yake so.

Amma akwai inda gyara ke ƙarewa. Idan mai yana tsattsafowa daga fistin ko daga hannun birkin, ka nemi robobinsa na asali ka rasa, to kada ka yarda a yanka maka wata roba a cusa. Wanda ya yi maka haka yana zaune a inuwarsa, kai ne za ka tarar da babbar mota a gangara. A nan sai ka haƙura da tsohon, ka sayi sabo cikakke, hannu da tiyo da maƙurar faifan, wato gidan fistin da takalman, gaba ɗaya. Shimano MT200, alal misali, ba shi da tsada sosai, kuma takalmansa ba su da wuyar samu.

Kafin ka fitar da kuɗi, ka ɗauki awo. Tsofaffin kekuna da yawa tazarar ramukan da ake ɗaure birkin a kai milimita 51 ce, sababbin birki kuwa 74 ce, saboda haka sai an sa adafta a tsakani, wadda ta dace da faɗin faifanka, ko 160 ko 180 ko 203. Ka auna tsawon tiyo, na baya ya fi na gaba. Ka kuma duba ko hannun birkin a haɗe yake da na canza giya, don in haka ne shi ma sai an sake shi. Matambayi ba ya ɓata.

Idan kuma a garinku babu wanda ya iya fitar da iska daga birki, ban ga abin kunya ba a komawa birkin faifai mai waya, kamar Avid BB7, tare da hannun da ya dace da shi. Ba ya kai na mai taushin kamu, amma ko ina wayar ta tsinke maka za ka sami mai sauya ta.

Ɗana, kuɗin birki ba ya kai kuɗin ɗorin ƙashi. Ka ajiye keken nan a ɗaki har sai birkinsa biyu sun kama tsaf, sannan ka gwada shi a ƙofar gida kafin ka hau titi. Allah Ya tsare mana kai.