Zakkar Fidda Kai

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, a nan Damagaram da zarar azumi ya zo ƙarshe, hankalinmu kan koma ga ɗinkin yara da hawan Sarki a Birni, har wasunmu su shagala da barin zakkar fidda kai. An wajabta ta a shekara ta 2 bayan Hijira: sa'i ɗaya, wato mudun Annabi (S.A.W.) 4, daga abincin da ya rinjaya a gari, a wurinmu hatsi ke nan. Maigida zai fitar wa kansa da duk wanda ciyarwarsa ta wajaba a kansa, har jariri. Malamanmu na Malikiyya sun halatta bayar da ita kwana 1 ko 2 kafin Salla. An fi so ta isa hannun mabuƙaci kafin a fita Idi, domin shi ma a ɗora tukunya a gidansa. Mai hali da ya jinkirta, tana nan a wuyansa har sai ya biya.