Kalma ɗaya, ma'ana uku: « fusion »

Wani yaro ɗan aji biyar a Tasawa ya gamu da kalma guda sau biyu a rana ɗaya. Da safe, cikin littafin kimiyya, ya karanta « la fusion de la glace ». Malam ya ce narkewar ƙanƙara ke nan. Da dare kuma ya ji rediyo tana cewa « la fusion de deux coopératives », wato ƙungiyoyin manoma biyu sun zama ɗaya. Kansa ya ɗaure. Ga shi ana dawowa hutu za a yi jarrabawa. In aka ce ya mai da kalmar da hausa, wanne zai rubuta, narkewa ko haɗewa?

Da aka ba da hutu, ya tafi Mayahi wurin kawunsa, mai zubin tukwane. Ya tarar da shi yana tara guntayen sanholo: tsohon buta, karyayyen ludayi, gwangwanaye. Kawu ya zuba su cikin kasko, ya ɗora bisa gawayi, aka yi ta zuga wuta. Can sai guntayen suka lotsa, suka zama ruwa mai ƙyalli. Yaron ya matso da butar ruwa a hannu.

Kawu ya ce: « Ja baya, yaro! In ruwa ya faɗa cikin narkakken ƙarfe, fantsama yake yi, ya ƙone mutum. »

Ya ɗauki kaskon da awartaki, ya tsiyaye shi cikin gurbin da ya shirya da rairai. Da ya huce, ya fasa gurbin, sai ga sabuwar tukunya.

Yaron ya ce: « Kawu, ina butar nan take? »

Kawu ya yi dariya, ya ce: « Nemo ta mu gani. Ita da ludayi sun zama abu guda. »

Da aka koma lakwal, yaron ya ba da labari. Malam ya ce: « Madalla, ka samo amsarka a maƙera. » Sannan ya rubuta bayani a allo.

Asalin kalmar

Faransanci ya ari kalmar « fusion » daga latinanci, harshen mutanen Rum na da, a ƙarni na 16. A latinanci « fundere » yana nufin zuba, ko narka abu a zuba shi. « Fusio » shi ne aikin zubawar. Hausa ma haka ta bi: daga « zuba » aka samu « zubi », sana'ar kawu.

Ma'ana ta farko: narkewa

Abu mai tauri ya zama ruwa saboda zafi. Kowane yana da zafin da yake narkewa. Ƙanƙara tana narkewa a digiri 0, sanholo a digiri 660, azurfa a digiri 962, baƙin ƙarfe a digiri 1538. Shi ya sa maƙerin fartanya yake gasa ƙarfe ya yi ja, ya daka shi bisa uwar maƙera, mai tukwane kuwa narkawa yake yi.

Ma'ana ta biyu: haɗewa

Abubuwan da suka narke tare ba su rabuwa. Daga nan aka ɗauki kalmar don duk abubuwa biyu da suka zama ɗaya. A shekarar 1964, Tanganika da Zanzibar suka haɗe, suka zama ƙasar Tanzaniya, har sunayensu suka shiga juna. Amma a lura: in an gauraya gero da wake cikin ƙwarya, ana iya tsince su. Wannan gauraye ne, ba « fusion » ba.

Ma'ana ta uku: wutar rana

A tsakiyar rana zafi ya kai wajen digiri miliyan 15. A can, ƙananan ƙwayoyin wata iska mai suna haidirojin suna haɗewa, su zama wata iska, hiliyom. Wannan haɗewa ita ke ba da haske da zafin da ke nunar da hatsi a gonakin Gulbin Kaba. Masana suna kiran ta « fusion nucléaire ».

Ƴan'uwan kalmar

« Fondre »: narke. « Transfusion »: ƙarin jini a likita. « Fusible »: ƴar siririyar waya mai narkewa in wutar lantarki ta yi yawa, don kada a yi gobara. « Confusion »: ruɗewa, kamar an zuba abubuwa wuri guda har ba a gane su.

Ran jarrabawa yaron bai yi gaggawa ba. Ya karanta jimla duka, sannan ya zaɓi ma'ana.

Tambayoyi

1. Daga wane harshe faransanci ya ari wannan kalma?
2. Don me kawu ya ce wa yaron ya ja baya?
3. Man shanu ya kwana kusa da murhu. Wace ma'ana ce ta dace da shi?

Aiki

Ku je wurin mai zubi na garinku, ku gaishe shi da ladabi, ku tambayo sunayen kayan aikinsa guda biyar, ku rubuto su da hausa.